Kayan aro ba ya rufe katara: gaskiyar "kyautar" da kamfanonin manhaja suke yi wa masu koyon kodin

Yau babu "danna nan, danna can". Yau magana za mu yi, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba, musamman masu cibiyoyin koyar da kwamfuta da waɗanda suka mayar da raba kirak tamkar sadaka.

Duk wanda ya ce zai fara koyon kodin, tambayarsa ta farko ita ce: wace manhaja zan sauke? Amsar da ake ba shi kuma kusan kullum iri biyu ce. Ko a ce masa "sauke wance, kyauta ce", ko a ce "kawo filashinka in tura maka, an riga an fasa ta". Amsoshin nan biyu duk cutarsa suke yi, don babu wadda ta gaya masa abin da ya fi muhimmanci: wa yake da iko da kayan aikin nan, kuma ranar da ya fara samun kuɗi da su me zai faru?

Matsayina a fili yake. Mai koyo ya kafa harsashinsa a kan kayan aikin da babu kamfanin da zai wayi gari ya ƙwace masa su ko ya sauya masa sharaɗi. Sauran kuwa ya yi amfani da su ido buɗe, yana sane cewa aro aka ba shi.

LASISI IZINI NE

Idan ka sayi guduma a kasuwa ta zama taka. Maƙeri ba zai biyo ka gida ya ce tunda ka fara karɓar aikin kuɗi da ita, ƙaro masa wani abu ba. Manhaja ba haka take ba. Abin da kake samu, ko ka biya ko ba ka biya ba, izinin amfani ne, kuma sharuɗɗan izinin suna cikin doguwar takardar nan da kowa yake tsallakewa ya danna amincewa. Wannan takarda ita ce lasisi.

Kayan aikin kodin sun kasu uku ta wannan fuska. Akwai buɗaɗɗun manhajoji masu lasisi irin MIT, Apache ko GPL, waɗanda aka yarda ka yi amfani da su a kowane irin aiki, ka kwafa, ka gyara, ka raba. Akwai na kuɗi zalla, waɗanda ba su ɓoye maka komai ba, ka biya ka shiga. Sai na tsakiya, inda rikicin yake: waɗanda aka rubuta musu "kyauta" da manyan baƙaƙe, sharaɗin kuma aka rubuta shi da ƙanana a can ƙasa.

A DA AN YI ADALCI

Kada wani ya ce mana ai dole ne abin ya kasance haka. A shekarar 1983 kamfanin Borland na Philippe Kahn ya fitar da Turbo Pascal a kan dala 49.95, a lokacin da irin wannan kayan aiki ake sayar da shi ɗaruruwan daloli. Wanda ya rubuta zuciyar manhajar shi ne Anders Hejlsberg, mutumin da daga baya ya koma Microsoft ya jagoranci samar da C# da TypeScript. Lasisin Borland na wancan zamanin gajere ne, kowa zai gane shi: ka ɗauki manhajar kamar littafi. Kana iya kai ta wata kwamfutar, kana iya ba wani aro, muddin dai ba a amfani da ita a wuri biyu lokaci guda. Babu wanda ya tambaye ka nawa kake samu a shekara. Ka biya sau ɗaya, ta zama taka, abin da ka haɗa da ita kuma naka ne. Da wannan arahar dubban matasa suka shiga harkar, kamfanin kuma ya yi kuɗi.

To ku dubi abin da ya faru da jikanta. Delphi, wadda ta fito a 1995 daga zuriyar Turbo Pascal, yanzu tana hannun Embarcadero. A 2011 suka fitar da Delphi Starter don masu farawa a kan dala 199, an cire mata abubuwa da yawa, ciki har da kayan haɗawa da rumbun bayanai, sannan da sharaɗin cewa da zarar kuɗin da kake samu ya kai dala 1,000 a shekara sai ka sayi babba. Ka biya kuɗinka, an ba ka guntuwa, kuma an sa maka iyaka. A 2018 suka kawo Community Edition, kyauta, mai kayan aiki sosai, iyakar kuma ta koma dala 5,000 a shekara, mutum biyar a ƙungiya, lasisin na shekara ɗaya ne ana sabuntawa.

Wani zai ce ai dala 5,000 kuɗi ne mai yawa, yaushe mai koyo zai kai can? Gaskiya ne, ba yau ba. Amma duba abin da ke bayan iyakar. Ranar da ka tsallaka, lasisin da za ka saya ya haura dala 1,000. Wato daga sifili sai ka yi tsalle ka ba da abin da ya zarce kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ka samu a shekarar. Babu matakala a tsakani, rami ne kawai. Kuma a lokacin ka riga ka shafe shekara biyu ko uku kana rubuta kod a cikinta, kwastomominka suna kanta, ficewa ta yi maka tsada. Wannan shi ne lissafin, kuma ba kuskure aka yi ba, da gangan aka tsara shi haka.

KYAUTAR DA TAKE BIN MUFUTAR MAI BAYARWA

Microsoft ta fara ba da Visual Studio Express kyauta tun fitowar 2005. Mutane da yawa a nan suka koyi C# da Visual Basic. Sai a 2012, da kamfanin yake son tura kowa zuwa sabon salon manhajojin Windows 8, ya sanar cewa sabuwar Express ba za ta ƙara haɗa manhajojin kwamfuta na gargajiya ba, sai irin waɗanda kamfanin yake so. Sai da masu haɗa manhaja suka yi ca a kansu kafin suka janye, suka fitar da Express for Windows Desktop. Darasin a nan shi ne, abin da ake ba ka kyauta ana auna shi ne da inda kamfani yake son ka nufa.

A yi adalci, Visual Studio Community da ta fito a Nuwamba 2014 tana daga cikin mafi sauƙin sharaɗi. Idan kai kaɗai ne, ka yi aikin kuɗi da ita, babu ruwan kowa. Idan ƙaramin kamfani ne, mutum biyar za su iya. Sai kamfanin da yake da kwamfuta sama da 250 ko yake samun sama da dala miliyan ɗaya a shekara ne aka hana. Wannan iyaka ce mai hankali, don ta kama mai ƙarfi ta bar mai tasowa. Amma ko a nan, tambayi masu Mac: an rufe Visual Studio for Mac a ƙarshen Agusta 2024, duk wanda ya saba da ita sai ya nemi wani wuri.

VS Code ma da kowa yake yabo tana da nata. Asalin kod ɗinta buɗaɗɗe ne, lasisin MIT. Amma wadda kake saukewa daga shafin Microsoft tana ƙarƙashin lasisin kamfanin, tana aika bayanan yadda kake amfani da ita sai ka kashe da kanka, wasu daga cikin ƙarin kayan da ake ɗora mata kuma, irin su C# Dev Kit, suna bin sharuɗɗan Visual Studio ne. Shi ya sa wasu suka haɗa VSCodium daga wannan kod ɗin ba tare da abubuwan kamfanin ba. Ban ce kada ka yi amfani da VS Code ba, ni ma ina cewa a fara da ita. Na ce dai ka san me ke hannunka.

Sai JetBrains, masu PyCharm da IntelliJ IDEA. A 2024 suka ba da RustRover, WebStorm da Rider kyauta, a 2025 suka ƙara CLion. Kowa ya yi murna. Amma karanta sharaɗin: kyauta ne ga aikin da ba na kasuwanci ba. Koyo, sha'awa, taimaka wa buɗaɗɗiyar manhaja, duk an yarda. Ranar da mai shagon magani na unguwarku ya ba ka naira dubu talatin ka haɗa masa shafin intanet, ka fita daga cikin sharaɗin. Babu iyakar kuɗi, ko sisi ne ya shigo aikin kasuwanci ne. Bugu da ƙari, da wannan lasisin ba ka da damar kashe tattara bayanan amfani da manhajar take yi. Ka ga an kafa shingen karɓar kuɗi daidai wurin da mai koyo ya fi rauni, wato aikinsa na farko, lokacin da kuɗin data ma da ƙyar yake haɗawa.

RANAR DA AKA JANYE TABARMA

Masu cewa "ai har yanzu kyauta ce, ka daina tsorata yara" su tuna waɗannan.

Heroku ta shafe shekaru tana ba masu koyo wurin ɗora manhajarsu a intanet kyauta. Darussa barkatai a YouTube da ita suke ƙarewa. A Agusta 2022 kamfanin, wanda yake hannun Salesforce, ya sanar zai rufe tsarin kyauta, ranar 28 ga Nuwamba 2022 kuma ya rufe. Duk wanda ayyukan da yake nuna wa masu ɗaukar aiki suke can, ko ya biya ko su mutu. Dala biyar a wata ce mafi ƙaranci. Ga ɗan Amurka kuɗin shayi ne. A Najeriya kuwa, a daidai wannan shekarar ne bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka dakatar gaba ɗaya. A wancan lokacin ko kana da kuɗin, hanyar biya babu.

Unity, injin haɗa wasanni da mafi yawan masu farawa suke koyo, ta sanar a Satumba 2023 cewa za ta riƙa karɓar kuɗi duk lokacin da wani ya girka wasanka, har santi 20 a kan kowace girkawa, da zarar wasan ya wuce wata iyaka ta kuɗin shiga da yawan girkawa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sabon tsarin zai shafi har wasannin da aka riga aka fitar a ƙarƙashin tsohon sharaɗi. Duniya ta yi musu ca, shugaban kamfanin John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, a Satumba 2024 kuma aka soke tsarin baki ɗaya. An yi nasara, amma wa ya ci nasarar? Manyan kamfanonin wasanni da suka yi barazanar ficewa. Da a ce mu kaɗai abin ya shafa, wa zai saurare mu?

Oracle kuma ta yi nata a kan Java. Daga 2019 sabunta Java 8 na Oracle don aikin kasuwanci ya koma na kuɗi. A Janairu 2023 suka kawo tsarin da ake lissafi da yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, farawa daga dala 15 a wata kan kowane ma'aikaci, har da wanda bai taɓa buɗe Java ba. Alhali ga OpenJDK nan, ga Temurin na gidauniyar Eclipse, Java ɗaya ce, babu wannan ciwon kai. Amma malami nawa ne yake gaya wa ɗalibinsa bambancin? Sai dai a ce "je ka sauke Java", yaro ya danna abin da ya fara gani.

Yanzu kuma an shigo zamanin mataimakan kodin masu ƙirƙirarriyar basira. GitHub Copilot dala 10 ne a wata, a Disamba 2024 kuma aka kawo na kyauta mai iyakar cike kod 2,000 da tambaya 50 a wata. Salon dai ɗaya ne: a ɗanɗana maka, ka saba, hannunka ya mutu, sannan a miƙo maka takardar biya. Mai koyon da bai iya rubuta madauki da kansa ba sai da mataimaki, ya riga ya zama ɗan haya tun kafin ya gina komai.

FARASHI ƊAYA, ALJIHU DABAN-DABAN

Mu yi lissafi, mu ɗauka dala ɗaya naira 1,500 ce. Rajistar Google Play dala 25 ce sau ɗaya, wato naira 37,500. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, naira 148,500 ke nan, kuma shekarar da ba ka biya ba manhajarka ta sauka daga shagonsu. Xcode kyauta ce, amma ba ta aiki sai a kan Mac, to ƙara kuɗin Mac a kai. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne a wata. Kuɗin Apple na shekara ya haura albashin wata biyu. A Amurka, inda mafi ƙarancin albashi na tarayya yake dala 7.25 a awa, kuɗin nan bai kai aikin awa 14 ba. Kwana biyu a can, wata biyu a nan, a kan abu ɗaya.

Kada kuma a ce ba a iya yin farashi daban ga kowace ƙasa. Spotify da naira take sayarwa a Najeriya, YouTube Premium ma haka, a farashin da bai kai na Amurka ba. Masu sayar da waƙa sun gane cewa aljihu ba ɗaya ba ne. Masu sayar da kayan sana'a, waɗanda kullum suke cika baki cewa suna son kowa ya koyi kodin, su ne da yawansu suka kasa ganewa.

Sai maganar rangwamen ɗalibai. GitHub Student Developer Pack da lasisin ɗalibai na JetBrains abubuwa ne masu kyau, duk wanda ya cancanta ya nema yau ɗin nan. Amma hanya mafi sauƙi ta tabbatar da cewa kai ɗalibi ne ita ce imel ɗin makaranta, ɗalibai da yawa a nan kuma har su gama ba a ba su ba. Wanda ya gama sakandare yana jiran gurbi fa? Wanda yake gyaran waya da rana yana koyon Python da dare fa? Matar aure da take koyo a gida tsakanin girki da raino fa? Waɗannan su ne suka fi kowa buƙata, kuma tsarin bai san da zamansu ba. Sannan lasisin ɗalibi na JetBrains na karatu ne kawai, ba a yarda ka yi aikin kuɗi da shi ba.

YANZU KUMA MU DAWO GIDA: KIRAK

Na san abin da wasu suke cewa a ransu: "To Malam, ai shi ya sa muke fasawa." A'a. Nan ne zan fi zafi, don wannan laifinmu ne, ba na kamfani ba.

Na farko, kayan aikin kodin ba kamar sauran manhajoji ba ne. Duk abin da ka haɗa ta cikinsu yake bi. Idan an sa musu guba, gubar tana shiga duk manhajar da ka ba kwastoma. A 2015 masu haɗa manhaja a Sin sun riƙa sauke Xcode daga wasu shafuka da ba na Apple ba saboda na asali yana jinkirin sauka. Ashe an cusa mugun kod a ciki. Abin da aka kira XcodeGhost ke nan, ya shiga manhajoji masu yawa da suka kai har App Store, ciki har da WeChat. Waɗannan ƙwararru ne a manyan kamfanoni. Kai da ka kashe antibayiros da hannunka don kirak ya shiga, a kan laftof ɗin da kake buɗe manhajar banki da imel ɗinka, me kake tsammani? Wanda ya zauna ya fasa manhaja ya ɗora a intanet ba don yana ƙaunarka ya yi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyu, kirak ba ya cutar da kamfanin kamar yadda kake zato. Taimakonsa ma kake yi. Ka shafe shekara uku kana sabawa da kayansu, yatsunka sun haddace maɓallansu, ba ka iya komai sai a ciki. Ranar da ka samu aiki a wurin da ake bin doka, kai da kanka za ka ce a saya maka. Ka yi musu talla kyauta, ka ɗaure kanka, kuma ka ɗauki haɗarin kai kaɗai.

Na uku, kai fa sana'ar da kake koyo ita ce sayar da manhaja. Gobe za ka haɗa wa wata makaranta manhajar sakamakon jarrabawa, su kwafa su ba makarantu biyar ba su biya ka ba, ka zo nan kana kuka an ci haƙƙinka. Da wane baki?

Masu cibiyoyin koyarwa, ku ne kan gaba a wannan laifi. Kuna karɓar kuɗin yara, ku jera kwamfutoci cike da fasassun manhajoji, ba a taɓa yin darasi ko na minti goma a kan lasisi ba. Har yanzu akwai wuraren da ake koyar da Visual Basic 6, manhajar 1998 wadda Microsoft ta daina tallafa wa ɗakin aikinta tun 2008, kawai don ita ce a tsohon faifan malam. Yaro ya fito da satifiket, bai san Git ba, bai taɓa buɗe tamina ba, bai san cewa akwai abin da ake kira MIT ko GPL ba. An koya masa inda maɓalli yake, ba a koya masa sana'a ba.

"TO SU KAMFANONIN ISKA ZA SU CI?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ba na cikin masu cewa komai ya zama kyauta. Mutanen da suke rubuta waɗannan kayan aiki albashi ake biyansu, kuma wasu kayan sun cancanci kuɗinsu. Wanda sana'arsa ta kafu, ya ga manhajar kuɗi tana rage masa awa biyu a rana, ya saya, wannan ciniki ne mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake tsara farashin. Ga abin da adalci yake nufi a wurina.

A auna iyaka da ƙarfin mai amfani, kamar yadda Visual Studio Community ta yi, ko Docker Desktop da ta bar kyauta ga kamfanin da bai kai ma'aikata 250 da dala miliyan 10 a shekara ba. A bar mai aikin farko ya numfasa. A sa matakala tsakanin kyauta da cikakken farashi. A yi farashi da kuɗin ƙasa kuma a karɓi hanyar biyan da mutane suke da ita. Kada a sauya sharaɗi a kan abin da mutum ya riga ya gina. Kuma idan na biya, a bar mini wani abu a hannu. JetBrains ɗin da na soka a sama sun yi daidai a nan: da suka koma tsarin biyan wata-wata a 2015 mutane suka yi bore, sai suka ƙara sharaɗin cewa wanda ya biya wata 12 a jere yana da sigar da zai riƙe har abada ko ya daina biya. Ashe ana iyawa, idan masu saye suka buɗe baki.

ABIN DA BA A ƘWACEWA

Ga dalilin da ya sa nake nacewa a kan buɗaɗɗun manhajoji. Sigar da aka riga aka fitar da lasisin MIT ko GPL ta fita ke nan, ba a dawo da ita. Kamfani yana iya sauya lasisin sigar gaba, amma jama'a suna da damar ɗaukar ta baya su ci gaba da ita. An gani a aikace. Da Oracle ta nufi sayen Sun, mai MySQL, aka samu MariaDB a 2009. Da HashiCorp ta sauya lasisin Terraform a 2023, aka samu OpenTofu. Da Redis ta sauya nata a Maris 2024, cikin 'yan kwanaki aka samu Valkey. Masu Heroku kuwa da aka rufe musu ƙofa babu abin da suka ɗauka suka fita da shi.

Kuma babu abin da mai farawa yake buƙata da babu shi a wannan ɓangaren. Python, GCC, Git, Node.js, PHP, PostgreSQL, SQLite, Flutter, duk ka yi aikin kuɗi da su babu mai tambayarka. Mai son Pascal ga Lazarus da Free Pascal. Mai son haɗa wasanni ga Godot, lasisin MIT, ko wasanka ya sayar da miliyan babu mai cewa kawo kaso. Mai Java ya ɗauki Temurin. Ɗalibin injiniya da ake tura wa fasasshen MATLAB ya gwada GNU Octave. Ɓangaren kyauta na PyCharm da IntelliJ IDEA ma an yarda a yi aikin kuɗi da shi, saɓanin WebStorm da Rider. Da yawansu kuma ba su da nauyi, suna tafiya a tsohuwar laftof mai RAM 4GB, ba sa neman intanet kafin su buɗe, abin da duk mai fama da data da wutar NEPA ya san darajarsa.

KAFIN KA DANNA AMINCEWA

Daga yau, duk kayan aikin da za ka girka, buɗe shafin lasisinsa, danna Ctrl+F, ka nemi kalmomin nan: commercial, revenue, term, renew. Minti biyar ya isa. Ka nemi amsar tambayoyi biyar:

1. An yarda in yi aikin kuɗi da shi, ko na koyo ne kawai?
2. Akwai iyakar kuɗin shiga ko yawan mutane? Idan na tsallaka, nawa zan biya?
3. Lasisin yana ƙarewa? Idan ya ƙare, ayyukana za su buɗe?
4. Kod ɗina zai yi aiki a wani kayan aikin, ko a nan kaɗai yake rayuwa?
5. Idan an ce in biya gobe, ina da katin da zai biya?

Idan amsar ta huɗu ita ce "a nan kaɗai", yi tunani sau biyu ko da kyauta ne. Ka koyi harhaɗa kod ɗinka da gudanar da shi daga tamina, ka ajiye komai a Git, ka riƙe kwafi a kwamfutarka. Wanda ya iya wannan, ko wane ɗakin aiki aka rufe masa zai ɗauki kayansa ya koma wani a yini ɗaya.

Malamai da masu cibiyoyi, ku ware awa ɗaya a makon farko ku koyar da lasisi, ku goge fasassun manhajojin nan daga kwamfutocinku. Wanda yake ganin na yi kuskure a wani wuri ya kawo hujjarsa, da sunan manhajar da abin da lasisinta ya ce, mu tattauna. A darasi na gaba in sha Allahu za mu nuna yadda ake girka Python, Git da VSCodium a Windows daga farko har ƙarshe, ba tare da an biya ko sisi ba kuma ba tare da an fasa komai ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin farawa.